Wahalhalun ƙuruciya da matsi mai guba: aikin da ke jiran ma'aikatan lafiya bayan an yi tambaya

Duk wanda ya daɗe yana aiki a sashen yara ya san irin wannan majiyyacin. Yaro ne ɗan shekara 7 ko 8, ana ta zarya da shi saboda ciwon ciki. An gwada jini, an gwada bayan gida, an yi hoton ciki, ba a ga komai ba. Barcinsa rabi da rabi ne, ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, a makaranta kuma ana ƙorafin ba ya iya zama wuri ɗaya. Likita zai rubuta magani, ya ce a dawo idan abin bai lafa ba. Za a dawo kuwa, domin abin da ke murɗa wa yaron ciki ba ya fitowa a gwajin jini. Yana can gida. Ko dai uba ne ke jibgar uwa kusan kowane dare, ko uwar ce ciwon damuwa ya kwantar, ko kuma wani babba ne ke lalata da shi yana tsorata shi kada ya faɗa.

Kusan shekara 30 ke nan da bincike ya nuna cewa irin wannan ƙuruciya tana barin tabo a jiki, tabon da likita zai ci karo da shi bayan shekaru da sunan hawan jini ko ciwon zuciya. Amma sanin haka bai koya wa kowa abin da zai yi cikin 'yan mintocin da yake da su da majiyyaci ba. Asibitoci da yawa sun ɗauka maganin shi ne a buga takardar tambayoyi kan wahalhalun ƙuruciya a riƙa miƙa wa kowa. Ni a ganina tambayar ita ce mafi ƙanƙantar aikin. Babban aikin shi ne abin da aka tanada kafin a yi ta, da abin da za a yi idan amsa ta fito.

Daga asibitin rage ƙiba aka faro

A shekarar 1985, Dokta Vincent Felitti yana jagorantar wani shirin rage ƙiba a asibitin Kaiser Permanente da ke San Diego a Amurka. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, fiye da rabin masu shiga shirin suna watsar da shi, kuma da yawansu waɗanda suke samun nasarar rage nauyin ne. Sai ya shiga zama da su ɗaya bayan ɗaya. Wata rana harshensa ya goce: ya so ya tambayi wata mata shekarunta lokacin da ta fara sanin namiji, sai ya tambaye ta nauyinta a lokacin. Ta ce fam 40, wato wajen kilo 18. Tana 'yar shekara 4, kuma mahaifinta ne. Da ya ci gaba da tambayar sauran, sai ya tarar labarin ba nata ba ne ita kaɗai.

Daga nan ya haɗa kai da Dokta Robert Anda na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC. Tsakanin 1995 da 1997 suka tambayi manya sama da 17,000 game da ƙuruciyarsu, suka haɗa amsoshin da bayanan lafiyarsu. Rahoton farko ya fito a 1998. Jerin da aka san binciken da shi, wanda ake kira ACE, wato wahalhalun ƙuruciya a taƙaice da Turanci, ya ƙunshi abubuwa 10 da suka faru kafin mutum ya cika shekara 18: duka, cin mutunci da baki, lalata, rashin kula da buƙatun jiki, rashin kula da zuciyar yaro, ganin ana dukan uwa, zama da mai shaye-shaye, zama da mai lalurar ƙwaƙwalwa, ɗaure wani ɗan gida, da rabuwar iyaye. Kowane ɗaya maki ɗaya ne.

Kusan biyu cikin uku na mutanen sun sami aƙalla maki 1, kusan mutum 1 cikin 8 kuma ya sami 4 ko fiye. Idan aka kwatanta masu maki 4 zuwa sama da waɗanda ba su da ko ɗaya, haɗarin shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka tsakanin sau 4 zuwa 12. Ciwon zuciya ya ninka kamar sau 2, ciwon huhu mai daɗewa kusan sau 4. Wani nazari da ya biyo baya a 2009 ya nuna cewa, cikin waɗanda suka rasu, masu maki 6 zuwa sama sun riga marasa maki mutuwa da kusan shekara 20. A lura, yawancin mutanen nan masu ilimi ne, masu rufin asiri, masu inshorar lafiya. Saboda haka babu hanyar da za a ce wannan matsalar gidan talaka ce kawai. An maimaita irin binciken a wurare da dama, sakamakon na nan kusa da juna: a yankin Wales na Birtaniya a 2015 an sami kashi 47 cikin 100 da aƙalla maki 1, a rahoton CDC na 2019 kuma kashi 61.

Yadda tsoro ke shiga jini da tsoka

Za a iya cewa ai a fili yake: wanda ya taso cikin ukuba ya fi faɗawa sigari da barasa, su kuma su kawo cuta. Gaskiya ne, amma ko an cire waɗannan halaye daga lissafi, haɗarin ba ya gushewa. Akwai hanya ta biyu, ta cikin jiki kai-tsaye.

Idan mutum ya hango haɗari, wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala ne ke fara ankara. Saƙo zai sauka zuwa wasu 'yan gaɓɓai biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, suga ya kwararo cikin jini, narkar da abinci ya dakata, garkuwar jiki ta yi shirin rauni. Wannan baiwa ce, da ita ake tsira. Da haɗarin ya wuce, komai sai ya koma mazauninsa.

Masana a cibiyar nazarin tasowar yara ta Jami'ar Harvard, ƙarƙashin Jack Shonkoff, sun kasa matsin da yaro ke shiga gida uku. Akwai mai amfani, irin na allurar rigakafi ko ranar farko a makaranta, wanda ke koya wa yaro jarumta. Akwai wanda ake iya jurewa, irin na rasuwar makusanci ko mummunan hatsari: mai tsanani ne, amma idan akwai babban da ya rungumi yaron, jiki yana farfaɗowa. Na ukun shi ne matsi mai guba, wanda ke da ƙarfi, yake daɗewa ko yake ta maimaituwa, kuma babu wani babba da ke tare wa yaron. Abin da ya raba na biyu da na uku ba girman musibar ba ne. Ko akwai wanda yaron zai ruga wurinsa ko babu, nan bambancin yake, kuma kusan duk abin da zan faɗa nan gaba a kan wannan ya ginu.

Jikin yaron da ke cikin matsi mai guba kamar injin mota ne da aka taka wa totur aka ƙi ɗagawa, motar kuma a tsaye take. Amigdala takan zama mai saurin firgita, har ƙarar rufe ƙofa ta sa yaro ya zabura. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai kula da natsuwa da danne fushi da tsara abin da za a yi, ba ya samun sukunin girma yadda ya kamata. Barci ya lalace, girma ya iya tsayawa, garkuwar jiki kuma ta zauna cikin wani ɗan kumburi na ciki da ba ya lafawa. A binciken Dunedin na New Zealand, inda ake bin mutane sama da 1,000 tun daga haihuwarsu a 1972 da 1973, an ga waɗanda aka ci zarafinsu suna yara suna da alamar wannan kumburi a jini fiye da sauran lokacin da suka kai shekara 32. Shi kuwa wannan kumburi yana cikin hanyoyin da ke kai mutum ga ciwon zuciya.

Ga likitan yara, wannan yana sauya yadda zai karanta abin da ke gabansa. Dokta Nadine Burke Harris, wadda ta yi aiki a unguwar Bayview ta San Francisco, ta lura ana yawan turo mata yara da sunan suna da lalurar rashin natsuwa. Da ita da abokan aikinta suka duba bayanan yara kimanin 700, sai suka ga kashi 3 cikin 100 ne kawai na marasa maki ke da matsalar karatu ko ɗabi'a, amma cikin masu maki 4 zuwa sama abin ya haura kashi 50. Yaron da ya kwana yana kasa kunne ko za a fara faɗa a ɗakin iyayensa, da wuya ya natsu a aji da safe. Idan aka ba shi ƙwayar natsuwa ba tare da an san dalilin ba, an yi maganin alama an bar cuta.

Rigimar da ke kan maki

Jihar Kalifoniya ce ta fi kowa zurfafawa. A 2019 ta naɗa Burke Harris babbar likitar jiha ta farko, aka ƙaddamar da shirin ACEs Aware na tantance majiyyata da waɗannan tambayoyi, kuma daga Janairun 2020 inshorar lafiyar marasa ƙarfi ta jihar ta fara biyan dala 29 kan kowane tantancewa, tare da horon awa 2 ga ma'aikata. Niyyar mai kyau ce: a gano yaran da wuri, a tallafa musu kafin tabon ya zauna.

Sai dai a shekarar 2020 ɗin, Robert Anda da kansa, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro makin, ya fito tare da abokan aikinsa ya yi gargaɗin cewa ba a ƙera shi don auna mutum ɗaya ba. Na gamsu da hujjarsa. Makin bai san tsanani ba, bai san tsawon lokaci ba, bai san shekarun yaro lokacin da abin ya faru ba. Wanda iyayensa suka rabu cikin mutunci maki 1 gare shi. Wadda aka yi shekara biyar ana lalata da ita, ita ma maki 1. Bai kuma tambayi ko akwai kaka ko malami ko yaya da ya tsaya wa yaron ba, alhali mun ga cewa wannan ne ke raba matsin da ake jurewa da mai guba. A 2021 wani nazari da Jessie Baldwin ta jagoranta, da bayanan Birtaniya da New Zealand, ya tabbatar da wannan: makin yana nuna haɗari sosai idan taron jama'a ake kallo, amma wajen faɗin wane ne zai kamu da cuta cikinsu, kaɗan ya fi canki-canka. Mutane da yawa masu maki 5 suna nan lafiya lau, wasu masu maki 0 kuma suna fama.

Jerin 10 ɗin ma bai cika ba. Babu yaƙi a ciki, babu gudun hijira, babu yunwa, babu rasuwar iyaye, babu cin zalin da yara ke yi wa juna, babu wariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata jerin da ya ƙara da rikicin unguwa da yaƙi da mutuwar iyaye, wani bincike a birnin Philadelphia kuma ya ƙara da wariyar launin fata da rashin tsaro a unguwa. Yaron da ya ga an kashe mutane a gabansa zai iya cika takardar ACE ta asali ya fito da maki 0.

Akwai kuma illar da tambayar kanta ke iya yi. Uwar da aka miƙa wa takarda a wurin jira, mutane na kallo, aka ce ta amsa ko ana dukanta a gida, tana da dalilin tsoro. Za ta ce a ranta: wa zai karanta wannan? Za su ƙwace min ɗa? Mijina zai ji? Ko ta rubuta “a'a” a ko'ina, ko ta daina zuwa asibitin gaba ɗaya. Mafi muni kuma, ta yi ƙarfin hali ta faɗi gaskiya, nas ta karɓi takardar ta cusa a fayil, ta kira na gaba. Wannan matar ta buɗe abin da ta daɗe tana rufewa, aka nuna mata bai dami kowa ba. Da wuya ta sake buɗewa.

Kada a ɗauki wannan a matsayin hujjar yin shiru. Shirun ma cutarwa ne, kuma shi aka daɗe ana yi. Yawancin majiyyata ba sa jin haushin a tambaye su idan an yi cikin mutunci. Abin da nake cewa shi ne, asibitin da bai shirya wa amsa ba bai kai lokacin raba takarda ba, kuma adadin da ya fito kada ya zama tambarin da za a manna wa yaro.

Yadda ake tambayar

A 2014 hukumar Amurka mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, SAMHSA, ta tsara abin da ake nufi da kulawar da ta san da rauni a zuciya. A taƙaice, ma'aikaci ya san cewa irin wannan rauni ya yawaita, ya iya gane alamunsa, ya gyara aikinsa daidai da haka, kuma ya kiyaye kada shi ma ya fama ciwon. Na ƙarshen nan ya fi saurin faruwa fiye da yadda ake zato. A danne yaro da ƙarfi don allura ba tare da an yi masa bayani ba, a tuɓe wa yarinya riga ba a nemi izininta ba, a daka wa uwa tsawa don ta makara: ga wanda aka saba yi wa ƙarfa-ƙarfa, duk wannan maimaici ne na abin da ya sani.

Mu ɗauka nas ce ta gama auna yaron mai ciwon ciki. Ta ba shi takarda da fensir ya je gefe wurin wata ma'aikaciya yana zane, ta ja ƙofa, ta zauna a kujera maimakon ta tsaya a kan uwar.

“Maman yaro, akwai tambayoyin da muke yi wa duk iyayen da suka zo, ba ke kaɗai ba. Mun gano cewa idan hankalin yaro a tashe yake, jikinsa ne ke fara faɗa, wani da ciwon ciki, wani da rashin barci. Abin da kika faɗa min sirri ne. Sai dai in gaya miki tun yanzu, idan na ji abin da ke nuna ana cutar da yaron, dole ne mu nemo masa kariya, kuma tare da ke za mu yi. Wadda ba ki so ki amsa, ki bar ta.”

Uwar ta yi shiru, tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, “Sista, gidan ne dai babu daɗi kwana biyun nan.”

“Sannu. Na gode da kika faɗa min. Yau in kin koma, kina ganin ke da shi kuna cikin aminci? Kuma in ya tsorata da dare, wurin wa yake gudu?”

Kowane abu a nan da dalilinsa. An nuna mata ba zarginta ake yi ba. An faɗi iyakar sirri kafin ta buɗe baki, domin a ƙasashe da yawa doka ta wajabta wa ma'aikacin lafiya kai rahoton cin zarafin yaro, kuma cin amana ne a bari sai ta gama magana sannan a sanar da ita. Ba a nemi ta zayyana komai dalla-dalla ba, domin ma'aikacin lafiya ba ɗan sanda ba ne, tonon silili kuma ba ya ƙara wa magani komai. An fara da tambayar aminci na yau, wanda ya fi komai gaggawa. Sannan aka tambayi inda yaron ke samun mafaka, domin daga nan gyara zai faro. Wasu asibitocin sukan bar iyaye su duba jerin su faɗi adadi kawai ba tare da nuna wanne ne ba, kuma mutane sun fi sakin jiki da haka. Matashi kuwa a ba shi ɗan lokaci shi kaɗai da likita, don akwai abin da ba zai taɓa faɗa a gaban iyaye ba.

Me ake da shi a hannu?

Tambayar da ke hana ma'aikata da yawa buɗe wannan ƙofa ita ce: in na ji, me zan iya yi? Ba zan gyara aure ba, ba zan samar wa uba aiki ba. Haka ne. Amma abin da bincike ya fi ƙarfafawa a kai yana kusa da hannunsu fiye da yadda suke zato.

A tsibirin Kauai na Hawaii, Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a 1955 har suka manyanta. Cikin waɗanda suka taso a mawuyacin hali, kusan ɗaya cikin uku sun zama manya natsattsu masu riƙe kansu, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun aƙalla babba ɗaya da ya riƙe su da gaske. A Romaniya, wani bincike da aka fara a 2000 ya ɗauki yara 136 daga gidajen marayu na Bucharest, aka mayar da rabinsu hannun iyayen riƙo. Waɗanda aka mayar sun fi na gidan marayu ci gaba a basira da shaƙuwa, musamman waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara 2. A 2019 kuma, nazarin Christina Bethell kan manya sama da 6,000 a jihar Wisconsin ya duba kyawawan abubuwa 7 na ƙuruciya, irin su iya faɗa wa 'yan gida abin da ke ranka da samun manya biyu ban da iyaye da suka damu da kai. Masu 6 ko 7 daga ciki sun fi masu 2 zuwa ƙasa tsira daga ciwon damuwa da rata mai yawa, ko da suna da maki na wahala. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, wadda ta yi matsayarta ta farko kan matsi mai guba a 2012, ta sabunta ta a 2021 ta mayar da hankali kan gina dangantaka mai aminci, mai ɗorewa, mai tausayi tsakanin yaro da masu renonsa.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, sau da yawa hanyar kaiwa ga yaro ta kan uwarsa ko ubansa ta bi. Iyaye da yawa su ma yaran jiya ne da aka cutar, kuma uwar da ta nutse cikin ciwon damuwa ba ta da ƙarfin da za ta kwantar wa jariri hankali, komai son da take masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da lalurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma abin ya kusa kashi 20. Wannan lalura ce da ke da ma'auni ingantacce, kamar tambayoyi 10 na Edinburgh da ake yi wa masu jego, kuma tana da magani. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan an horar da mata ma'aikatan lafiya masu zagayen gida-gida su riƙa zama da masu juna biyu da ke fama da ciwon damuwa, suna taimaka musu su sauya yadda suke kallon matsalolinsu. Wata 6 bayan haihuwa, kashi 23 ne suka rage cikin ciwon, alhali cikin waɗanda ba a yi wa haka ba kashi 53 ne. Babu likitan ƙwaƙwalwa a ɗakin.

Na fi son misalin Jamaika, domin sauƙinsa. A tsakiyar shekarun 1980 a Kingston, ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar gidajen yaran da rashin abinci ya tsumburar, sau ɗaya a mako har shekara 2. Aikinsu shi ne nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yaba masa. Bayan shekara 20 aka nemo yaran, aka tarar abin da suke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da ba a koya wa iyayensu haka ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Ga yaran da raunin ya riga ya bayyana a jikinsu, masu mugun mafarki da zabura da gudun duk abin da ke tuna musu, akwai hanyoyin jinya ta magana da aka gwada aka ga amfaninsu, wasu na yaro da mai renonsa tare, kuma waɗannan sai ƙwararre. Sauran shawarwari, barci a kan lokaci da motsa jiki da abinci mai kyau da fita sarari, suna taimaka wa jiki ya sauko. Sai dai kada a karanta wa uwar da ba ta san inda za su kwana gobe ba darasin tsarin barci. A fara da abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya. Wani asibiti a Boston ya fara ajiye lauyoyi tun 1993 don taimaka wa iyalai kan matsalar muhalli da haƙƙoƙinsu, bayan likitocinsa sun gaji da sallamar yara masu asma zuwa gidajen da ke tayar musu da ita.

Ba aikin likita shi kaɗai ba ne

Majiyyaci kan haɗu da mai gadi da mai ba da kati da nas kafin ya ga likita, kuma tun a bakin ƙofa yake yanke hukuncin ko nan wurin sakin jiki ne. Horon da aka yi wa likitoci kaɗai an bar sauran, ya tashi a banza. Kowa ya san nasa: wa zai yi tambayar, a wane ɗaki, wa za a kira nan take idan aka ji yaro na cikin haɗari, wa zai bi sawu bayan mako biyu. A sami jerin wuraren da ake tura mutane, kuma wani ya riƙa tabbatar da cewa suna nan suna aiki. Takardar turawa da aka danƙa wa uwa aka ce ta je, sau da yawa a jaka take ƙarewa. Idan nas ta kama hannunta ta kai ta ofishin jami'ar walwala ta gabatar da su, ko ta buga waya a gabanta aka sa rana, zuwan ya fi tabbata. A kuma yi tunani kan abin da ake rubutawa a fayil da wanda zai iya karanta shi, musamman idan wanda ake tsoro yana cikin masu iya neman fayil ɗin yaron.

Sai ma'aikatan kansu. Idan kusan biyu cikin uku na manya suna ɗauke da aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa, to masu farin kaya ma suna ciki. Nas ɗin da ke sauraron labarin duka wataƙila a irin gidan ta taso. Ko ba haka ba, jin irin waɗannan labarai kullum yana cin mutum: barci ya ƙaurace, fushi ya yi kusa, zuciya ta bushe har ya fara kallon majiyyata kamar kaya. Wanda ya kai nan ba mugu ba ne, ya ƙone ne, kuma ba zai iya ba wa uwa natsuwar da shi kansa ba shi da ita ba. Shugabannin asibiti su ware lokaci cikin awannin aiki da ma'aikata za su zauna su tattauna abin da ya yi musu nauyi, su sami babba da za su koma wurinsa, a kuma bar wanda wani labari ya taɓa masa tsohon ciwo ya miƙa wa abokin aiki ba tare da an ga gazawarsa ba. Minti 10 da ake ba kowane majiyyaci ma sai an sake duba shi, domin wanda aka ce ya yi wannan tambaya dole a ba shi lokacin sauraron amsarta.

Asibitin da bai da masanin halayyar ɗan Adam ko jami'in walwala ba sai ya jira ya same su ba. Zai iya farawa da horar da kowa kan yadda ake magana da taɓa majiyyaci, ya ware ɗaki ɗaya mai ƙofa, ya riƙa duba lafiyar ƙwaƙwalwar masu jego a ranakun rigakafi, ya rubuta matakan da za a bi idan aka gano yaro cikin haɗari. Takardar maki, in ma za a kawo ta, sai bayan waɗannan sun zauna.